Hayaniyar Bayan Katanga

Kabiru, Sani, wannan rubutun naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Kun daɗe kuna ɗora wa ƙanwarku Saude laifin da ba nata ba. Kun ce sakacinta ne ya sa muryar Innarku ta ɓace, har jikokinta ba su san yadda take magana ba. Ina zaune a gabanku kuka fara faɗin haka, na ja bakina na yi gum, domin shirun ya fi mini sauƙi. Saude ba za ta taɓa wanke kanta ba, na san halinta, halin uwarta ne. To yanzu ƙafa ta fara ƙi, ido ma haka, saboda haka bari in rubuta da hannuna tun ina iya riƙe biro.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba, saura mini kaɗan in yi ritaya daga koyar da lissafi a firamaren garinmu, nan ƙasar Kunci. Ku biyun kuna birni kuna neman na kanku. Saude ce ta dawo gida, tunda an rufe kwalejin da take karatun malanta. Kullum rediyo sai cewa take yara su ci gaba da karatu ta intanet. In na ji sai in yi tsaki. Wace intanet, mu da sai mutum ya hau tudun bayan masallaci kafin ya sami sabis ya ce a gaida mutan gida? Ina kallon ɗalibaina suna wucewa da fartanya da akuya, waɗanda na sha wahala kafin su gane raba lamba, na san kafin a buɗe makaranta komai ya zube. Abin yana ci mini rai, har Saude ta lura ba na cinye tuwona.

"Baba, ai ba sai da intanet ba," in ji ta. "Ku tsaya ku koyar, ni in ɗauka da wayata. Mu kai wa Isiya mai caji ran kasuwa, duk wanda ya kawo caji ya tura masa a memori."

Haka muka fara. Na shafe bangon zaure da baƙin tsohon batir, yadda muke yi wa allo a makaranta. Bidiyon farko abin dariya ne. Na tsaya na ba ƙofa baya, sai ga fuskata baƙi ƙirin, farar hula kawai ke motsi. Na biyu hannun Saude ya gaji, allon ya riƙa rawa har mai kallo ya ji jiri. Na uku ta riƙe wayar a tsaye, rabin lissafin ya fita waje. A hankali ta gano kan abin. Ta kwantar da wayar, ta ɗaure ta a jikin gwafa da tsumma, ta kafa gwafar a gwangwanin yashi. Ta hana ni rubutu ƙanana, ta hana ni magana ina fuskantar allo, ta ce kada darasi ya yi tsawo don ya yi saurin turuwa. Ta kuma koya mini cewa in na yi tambaya in ɗan dakata, in ba yaron da ke kallo damar tunani. Shekara talatin ina koyarwa, ga 'yar cikina tana ce mini "Baba, a sake," ni kuma ina sakewa.

Babban abin da ta gano shi ne haske. Zaurenmu gabas yake kallo. Da rana tsaka zafi ya hana tsayuwa, da yamma duhu. Da hantsi ne kawai haske ke shigowa ya kwanta a allon, fuskar mutum ta fito sosai. Hantsi kuwa lokacin daka ne a kowane gida. Kun san inda turmin Innarku yake, gindin darbejiya, jikin katangar da ta raba zaure da tsakar gida. Can take surfe, can take dakan gyaɗar ƙuli-ƙulinta. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ta fi shekara talatin tana auna gyaɗa da mai, kuma ban taɓa ganin ta ƙirga abu da yatsu ba.

Wata rana ina koyar da kashi-kashi, na juyo na ce: "Buhu guda tiya arba'in ne. An cire kashi ɗaya cikin huɗu. Saura tiya nawa?" Na dakata kamar yadda aka koya mini. Sai na ji taɓarya ta tsaya.

"Talatin a allonka, Malam," in ji murya daga bayan katanga. "A kasuwar Shanono ashirin da takwas, don mai awo sai ya tare da hannu."

Na juya na kalli katangar, dariya ta ƙwace mini. Da na dawo hayyacina na ce wa Saude ta goge mu sake. Ta ce wallahi ba za ta goge ba, wannan ne ma mai kyau. Ai kuwa ta fi ni gaskiya. Kafin kasuwa biyu, duk inda ka bi a garin sai ka ga yara sun yi cincirindo a kan waya guda, suna rige-rigen ba da amsa kafin "Innar bayan katanga" ta riga su. Matan aure da ba su taɓa riƙe alli ba suka riƙa aron wayar mazansu. Daga ƙauyukan kewaye ake zuwa wurin Isiya a ce a tura sabon darasi. Ita kuwa Innarku ba ta taɓa leƙo zaure ba, ko gefen zanenta ba a gani. Wani lokaci ta ba da amsa, wani lokaci ta yi kuskure da gangan don in gyara, wani lokaci ta ce ba ta gane ba in sake, kuma in na duba sai in ga daidai wurin da yara ke tuntuɓe ne. Na ga matar nan ta canza a watannin nan. Ta riƙa gama shara da wuri don kada hantsi ya same ta ba ta gindin turmi. Wata safiya tana miƙo mini koko ta ce:

"Malam, yau me za mu koyar?"

Wannan "mu" ɗin ya tsaya mini a rai. Ba zan ɓoye muku ba, tunda na ce gaskiya zan rubuta. Ni ne malami, ni na yi kwaleji, ni ake gaisarwa a hanya da Malam. Ga kuma majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, inda mutane ba su da aiki sai auna rayuwar wasu. Alhaji Tanko mai taki, wanda har ya mutu bai iya rubuta sunansa ba, shi ya fara.

"Malam, ashe hedimastan yana cikin gida! Mu duk zamanmu muna gaida mataimaki."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta fatar baki. Washegari wani ya ƙara da nasa, ya ce shi dai ba zai yarda muryar iyalinsa tana yawo a aljihun ƙarti ba. Mutanen da 'ya'yansu ke koyon lissafi kyauta daga bakin matar nan, su ne masu wannan magana. Har yau in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake. Amma nawa ya fi nasu muni. Na tashi takanas na je wurin Liman na tambaye shi hukuncin abin, ina fata a zuciyata ya ce haramun ne, in sami abin fakewa. Dattijon ya dube ni ya ce ilimi take bayarwa daga cikin ɗakinta, shi bai ga laifi ba, Allah Ya saka mata. Na dawo gida ina jin haushin Liman.

Ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, sai ga mota a ƙofar gida. Wani mutum ne daga birni mai suna Nasiru, daga wata ƙungiya mai tara darussa tana sa su a intanet don yaran Arewa duka. Bidiyonmu ya kai gare su ta hannun wani direba. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Ya zo da ƙarfe mai ƙafa uku na ɗora waya, da ɗan makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, da fitila mai caji. Hantsi ne, Innarku tana daka. Ya buɗe kwamfutarsa ya kunna ɗaya daga cikin darussanmu.

"Baba, koyarwarku ba ta da matsala ko kaɗan," in ji shi. "Matsalar kwaliti ce. Hoton za mu iya gyarawa. Amma ku saurari sautin. Ga zakara, ga akuya, ga daka, ga kuma wannan hayaniyar ta baya."

"Ba hayaniya ba ce," in ji Saude daga bakin ƙofa. "Innarmu ce."

Nasiru ya ji kunya, na ga alama a fuskarsa. Ya ba da haƙuri, ya ce bai sani ba. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce ƙa'idarsu dai sauti ya fito tsaf, amma in muna so zai kawo makirfo na biyu a miƙa wa Hajiya ta bayan katanga, ta zama cikin darasin sosai, ba sai an ga fuskarta ba. Ya ce shi a ganinsa ma hakan zai fi armashi. Ku lura da wannan da kyau, domin na daɗe ina gaya wa kaina cewa ɗan birni ne ya zo ya ɓata mana abu. Ƙarya nake yi wa kaina. Mutumin nan ya buɗe mata ƙofa, ni na rufe.

"Babu buƙata," na ce. "Hayaniya ce, kamar yadda ka faɗa da farko. A cire."

Taɓarya ta tsaya. Na manta cewa katangar da ke fito da muryarta zaure ita ce ke shigar da tawa cikin gida. Nasiru ya rufe kwamfutarsa. Ban sake jin dakan ba ranar, kuma da dare tuwon dawa muka ci, na garin da ya kwana.

Washegari da na shiga cikin gida sai na ga turmi ba ya gindin darbejiya. Ita kaɗai ta mirgina shi har bayan rumbu, kusa da turken awaki, inda rana ke dukan mutum. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Da ma ta yi, da na sami abin mayarwa. In hantsi ya yi sai ta kife kaji da kwando, ta ba awaki harawa don su yi shiru, ta shiga ɗaki ta zauna. Gidan ya zama kamar ba kowa. Na tsaya gaban ƙarfe mai ƙafa uku da makirfo a wuya, na yi tambaya, na dakata, babu abin da ya biyo baya. Ran nan bayan mun gama ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ta ce cikin murya mai sanyi:

"Malam, an gama? In ci gaba da hayaniyata?"

Wannan kaɗai ta taɓa faɗa a kan maganar. Na yi kamar ban ji ba, na sa takalmi na tafi gona.

Nasiru ya tafi da tsofaffin darussan, ya wanke su a kwamfuta, ya dawo mana da su babu zakara, babu taɓarya, babu ita. Ya tambaye ni ko ya ajiye mana na asalin a wurinsa, na ce ya goge, ba su da amfani. Sababbin bidiyon kuma manya ne, suna cin wuri, har wata rana wayar Saude ta ce ta cika ana tsakiyar ɗauka. Na ce ta goge tsofaffin, tunda ga wankakku.

"Baba, ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Bari ran kasuwa in sayi wani memorin."

"Hasken zai jira ran kasuwa ne? Ba ni wayar."

Ta riƙe ta a ƙirji. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi mini musu ba sai ranar. Na daka mata tsawa irin wadda nake yi wa 'yan aji uku, ta miƙo da hannu biyu tana hawaye. Ban ma iya gogewar ba, sai da na sa ta nuna mini wurin dannawa. Ta nuna, ta kau da kai. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna eh da wannan yatsan da nake riƙe biro da shi yanzu. Darasi arba'in da wani abu suka tafi kafin in sauke hannu. Ban tsaya nan ba. Ran kasuwa na je da ƙafata wurin Isiya na ce ya share tsofaffin daga kwamfutarsa, duk wanda ya kawo memori ya cire masa su ya sa masu kwaliti. Isiya ya ce mutane sun fi son na da. Na ce ni ne mai darasin ko shi?

Sababbin sun yi nisa, ba zan musa ba. An ce har a wasu jihohi ana kallo. Aka aiko mini da takardar yabo a cikin gilashi, wadda kuka gani rataye a zaure kuna alfahari da ita. Majalisa ta daina tsokanata, Alhaji Tanko ya koma kirana Farfesa. Amma yaran garinmu sun daina taruwa a kan waya. Na tambayi wata ɗalibata dalili, ta sunkuyar da kai ta ce yanzu kamar aji ne.

Bayan an gama kaka, an shigar da gero rumbu, Innarku ta kwanta da zazzaɓi. Mun ɗauka na kwana biyu ne. Kwana tara ta yi. Rana ta takwas na zauna kusa da ita, maganar tana bakina, ina so in ce ta yafe mini kalmar nan. Sai mata suka shigo dubiya, na ji nauyin a gan ni a haka, na tashi na fita, na ce gobe. Da hantsin goben ta cika. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Hajara sunanta, ban taɓa kiranta da shi a gabanku ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, muna zaune a zauren nan mu huɗu. Kai Kabiru ka ce wa Saude ta kunna muku bidiyon da Inna ke magana, ka ce kuna jin labarinsa a birni amma ba ku taɓa zama kun kalla ba. Ta ce babu. Ka ce kamar yaya babu? Ta ce an goge.

"An goge? Ke da wayar ke hannunki? Hotunan ƙawayenki kin ajiye, muryar uwarki ce ba ta da wuri?"

Kai kuma Sani ka ce ba za ka taɓa yafe mata ba. Saude ta ɗago ta kalle ni. Kallo ɗaya ta yi mini, ba na roƙo ba, na jira kawai. Ni kuma na kalli tabarma. Ina da baki, ina da rai, ni ne uba a wurin, kalma uku sun isa: ni na goge. Na ji tsoron ku dube ni yadda kuke dubanta. Na zaɓi girmana a karo na biyu cikin shekara guda, kuma a karo na biyu mace ce daga cikin gidana ta biya. Ta tashi ta shiga ciki. Da ta yi aure ta tare a Bacirawa kun zo ɗaurin aure kun koma a ranar, ko ɗakinta ba ku gani ba.

Na nema, kada ku ce ban nema ba. Ba tare da na gaya wa kowa ba na bi kasuwanni, Kunci, Shanono, duk inda ake caji. Na bi gidajen ɗalibaina ina tambaya kamar mai cigiyar akuya. Wannan ya ce wayar ta faɗa rijiya, wancan ya ce ya sayar, wani ya ce ya goge ya sa wa'azi. Mafi yawa suka ce ai Isiya ya canza musu da masu kwaliti, kamar yadda Malam ya ce. Aikina ya yi kyau ƙwarai, ban bar ko ɗaya ba. Na sa aka kira Nasiru, ya ce Baba ai ku kuka ce in goge. Na ce haka ne.

Abin da ya rage shi ne wankakken, kuma yana nan a intanet, kowa na iya gani. Ku nemi darasin kashi ɗaya cikin huɗu. Za ku gan ni da farar hula, sauti tsaf, ba zakara ba akuya. Zan ce saura tiya nawa, in dakata. Sai ku ga na juya na kalli katanga, na saurara, na fashe da dariya har ina riƙe ciki, alhali babu abin da aka ce. Wani ya rubuta a ƙasan bidiyon yana tambaya me ya ba malamin nan dariya. Wannan shirun da ke wurin ba na'ura ce ta yi shi ba, ba Nasiru ba ne, ba Saude ba ce. Ni ne, ubanku.

Na sauke takardar yabon daga bango, tana ƙarƙashin gado. Turmin kuma na sa an mayar da shi gindin darbejiya, ko da yake babu mai daka a ciki. Ba na neman ku yafe mini da wuri, ku ɗauki lokacinku. Amma ku sani, daga cikin amsoshin Innarku wannan ta kasuwar Shanono kaɗai na riƙe, domin lokacin da take magana ni kaina nake saurare. Wadda ta tsaya bayan waya a darussan nan duka, ta kalle su sau ba adadi tana gyarawa, ta haddace kowace kalma. An ce mini in tana koya wa 'ya'yanta lissafi har da muryar take faɗa, da yadda Inna ke jan "Malam" ɗin. In kuna son jin uwarku, wuri ɗaya ya rage a duniya, yana Bacirawa, kuma har yau ba ku san launin ƙofar gidan ba.